Gwadabe Mai Majigi da Tambayarsa: Wa Za Ka Ɗauka?

Kullum da hantsi, kafin zafin Adjamé, a birnin Abijan, ya fara dafa mutane, za ka iske Baba Gwadabe a kan benci a ƙofar ɗakin kallonsa, kofin ruwan ɗumi mai citta da zuma a gefe, abin ji a kunne, yana kallon fim shi kaɗai a wata tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi. A wannan lokaci ba ya amsa gaisuwa sai da ɗaga hannu. Leɓɓansa kawai ke motsi. Baƙo sai ya ɗauka lazimi yake yi, alhali gwaji ne: yana auna wace Hausar ce za ta zauna daram a bakin Baturen nan da ke gudu a cikin garin da ya ƙone.

Da azahar ya sa a share ɗaki, a jera bencina, a ɗaure farin zanen da ake haska hoto a kai. Ana idar da la'asar mutane su fara shigowa: masu tura kaya, mata 'yan kasuwa da suka tashi da wuri, direbobin gbaka, wato ƙananan motocin hayar nan na Abijan, da samarin da aka haifa a nan waɗanda Faransanci ya fi zama a bakinsu. Ya rage muryar fim, ya ɗauki makirfo, ya yi gyaran murya. Daga nan kuma duniya ta fara ƙarewa, da Hausa. Kafin a kira magariba ya tashi kowa. Shekara ashirin da ɗoriya yana wannan a wani babban gidan haya na unguwar Bromakoté, ba a taɓa jin ladan ya kira salla fim na tafiya ba.

Da na ce zan rubuta jinjina ga wannan bawan Allah, wani babba ya ce da ni, "Duk malaman da ke garin nan, duk attajiran, ka rasa wanda za ka yaba sai mai fassarar fim?" To, ga amsata. Malamai suna da almajiransu masu yabonsu, attajirai suna da maroƙansu. Gwadabe ba shi da kowa sai mu da muka zauna a bencinsa. Wanda bai so ba ya juya shafi.

Asalinsa Bakano ne. Fataucin goro ya kawo mahaifinsa Abijan, shi kuma ya tashi yana yagar tikiti a wata silima da yanzu ta zama coci. A can ya sha Faransanci ta kunne har ya ƙoshi. Da ya buɗe nasa ɗakin, finafinan soyayya da na 'yan dambe yake sakawa kamar kowa. Abin ya sauya ne bayan shekarar rikicin nan da aka yi ta harbe-harbe a gari, aka rufe kasuwa, famfo ya ƙafe.

A cikin rikicin, wata safiya aka ce masu bindiga sun doso unguwa. Gidan hayar nan mai ɗakuna birjik ya watse cikin ƙiftawar ido. Kowa ya suri 'ya'yansa, ya suri abin da hannu ya kai, aka yi masallaci da gudu. Sai da ƙura ta lafa, bayan kwana da wuni, aka dawo aka tarar da Inna Sa'a, wata tsohuwa makauniya, zaune a tsakiyar ɗakinta riƙe da butar da babu ko ɗigo a ciki. Inna Sa'a ta kowa ce a gidan. Kowa yana kai mata abinci, kowa yana ce mata Inna. Shi ya sa kowa ya ɗauka wani ya fita da ita.

Da ta ji motsin mutane ta ce, "Au, kun dawo? Na ɗauka tashin alƙiyama aka yi aka manta da ni."

Wasu suka yi dariya don kunya, wasu suka fashe da kuka. Gwadabe bai yi ko ɗaya ba. Ya koma ɗakin kallonsa ya kwashe finafinan soyayya ya zuba a kwali.

Daga ranar ya koma finafinan ƙarshen duniya. Garin da ake sayar da ruwa da cokali. Ƙasar da injuna suka ƙwace mulki suka mai da mutane bayi. Birnin da masu kuɗi suka haye sama cikin gilashi suka bar talaka a ƙasa yana shaƙar hayaƙi. Mutane suka ce ya haukace, wa zai fito daga bala'i ya biya kuɗi ya kalli bala'i? Sai ga ɗaki ya cika har ana tsayuwa a taga.

Na taɓa tambayar Tanti Balaraba, mai sayar da aceke, wato dambun rogo, da kifi a bakin ƙofar gidan, abin da take so a cikin waɗannan finafinai. Ta goge hannu a zane ta dube ni kamar na yi tambayar wauta.

"Ina son in ga Bature a layin ruwa," in ji ta. "Wallahi daɗi nake ji. Ka gan shi riƙe da jarka bai ma san yadda ake ɗora ta a ka ba. Wuta ta ɗauke masa sau ɗaya ya hau kuka, wai duniya ta ƙare. Yo mu nan ai duniyar kullum sai ta ƙare sau biyu kafin azahar, mu tashe ta mu ɗora tukunya."

Wannan ita ce maganar, duk wanda ya ce maka waɗannan finafinai suna kashe zuciya bai zauna a bencin Gwadabe ba. A wasu finafinan mu 'yan kallo ne, muna leƙen gidajen da ba za mu taɓa shiga ba. A waɗannan kuwa mu ne gwanaye. Mun san yadda ake raba loma ɗaya gida biyar, mun san gyaran abin da mai shi ya yar, mun san kwana da kunne ɗaya a buɗe. Jarumi yana tafka kuskure ɗaki gaba ɗaya ya ɗauki ihu: "Kai, kada ka sha duka! Rage na gobe, sakarai!" Gwadabe kuma yana zuba musu gishiri. Jarumi ya murɗa famfo babu ruwa, sai ka ji muryarsa: "To, ga shi nan ya gai da famfo, famfo ya ce masa yako." Yako ita ce sannun mutanen Abijan ga wanda abu ya sama. Mutum-mutumin ƙarfe ya fito yana ƙyalli, ya ce, "Ga ɗan sandan da ba ya karɓar na goro, ku yi ta kanku." Samarin da ke jin kunyar Hausa a titi a nan suka koye ta, don in ba ka ji ba dariya za ta wuce ka.

Amma ba don barkwanci na ɗauki alƙalami ba. Don tambayar ne.

A kowane irin fim ɗin nan akwai wurin da gari ke rushewa, mutane su fita da gudu. Daidai nan Gwadabe yake tsayar da hoto cak. Ya sa a buɗe ƙofa haske ya shigo. Ya ɗaga sandarsa ya nuna mutum ɗaya.

"Kai, mai jar hula. In yau ne, wa za ka ɗauka?"

Tambayar tana da dokoki, kuma ba ya sassauta su ga kowa. Ba za ka ce matarka ko ɗanka ba, waɗannan ko kare ya san ya ɗauki nasa. Sai ka kira sunan wanda ba zai iya gudu ba: tsoho, gurgu, mai jego, mara lafiya. Suna ɗaya, mai ɗauka ɗaya; in wani ya riga ka, nemi wani. A gaban jama'a za ka faɗa da ƙarfi. Ba a rubutawa, don a cewarsa takarda tana jiƙewa, kunya kuwa ba ta jiƙewa. In an tashi, sai ka taka har ɗakin wanda ka ambata ka durƙusa ka ce masa, "Ni ne mai ɗaukarka." Sai ya ga an yi haka biyu ko uku sannan ya saki fim ya ci gaba.

Da farko wasa aka mai da shi. Amma wata damina ruwa ya ɓalle da sassafe, kwata ta cika ta juyo cikin gida har gwiwa. Kafin masu ihu su gama ihu, an ga Kamilu direban gbaka ya fito da Inna Sa'a goye a baya. An ga Tanti Balaraba, da duk jikinta, ta rungumo wata tsohuwa 'yar ƙabilar Baule mai suna Maman Akissi da ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya, tana ce mata, "Riƙe ni da kyau, uwata, ni ce taki." Katifu suka jiƙe, buhunan shinkafa suka lalace, amma ko mutum ɗaya ba a bari a ɗaki ba. Daga ranar babu wanda ya sake yi wa tambayar dariya.

Kai ne ka yi wannan, Gwadabe. Ba ka da ofis, ba ka da hatimi, ko ƙungiya ba ka kafa ba. Da makirfo mai ɗaure da roba da finafinan da Turawa suka yi don su tsorata kansu ka ɗaure gida guda da igiyar da ba a gani.

Ba kowa ne ya so abin ba. Babban mai adawa shi ne Alhaji Mika'ilu, Badamagare, mai shigo da kaya daga waje, shagonsa na wajen Adjamé Mairie, rumbun ajiyarsa kuma na unguwar Biafra a Treichville. Abin da ya tunzura shi 'yarsa ce, Afra'u, lokacin tana 'yar makaranta. Ta dawo daga kallo ta dubi kwalayen kayansa ta ce, "Baba, ka san in duniya ta ƙare duk waɗannan shara ne? Gara ka sayi gishiri da ashana."

Washegari Alhaji ya yi wa ɗakin kallo dirar mikiya da babbar rigarsa, ya zo a rufe. Ya yi rashin sa'a, ya shigo daidai an tsayar da hoto, teku ta haye wani birni, mutane suna rububin jirgi ɗaya da ya rage.

"Malam Gwadabe!" ya daka tsawa. "Wannan wane irin shashanci ne kake cusa wa 'ya'yan mutane? Kai ka san ranar da duniya za ta tashi? Sanin gaibu sai Allah!"

"Sai Shi, Alhaji," in ji Gwadabe ta cikin makirfo, ko gezau. "Sanin gaibu sai Allah. Sanin maƙwabci kuwa aikinka ne. Tunda ka shigo, doka ta hau kanka. In yau ne, wa za ka ɗauka?"

Kun san tsakanin Kanawa da Damagarawa akwai wasa tun na kakanni, kowa yana cewa ɗan'uwansa bawansa ne. Alhaji yana cikin fushi na gaske, amma jinin wasan ya riga fushin zuwa baki.

"Kai zan ɗauka, Bakanon banza," ya ce, "in kai ka gada in jefa ka a tafkin lagun, unguwa ta huta!"

Ɗaki ya kece da dariya har da masu faɗowa daga benci. Gwadabe ya jira aka lafa, ya ce, "Jama'a kun ji. An karɓa." Ya saki fim. Alhaji ya ja tsaki ya fice, bai rufe ɗaki ba, bai kuma sake takowa ba. Aka yi ta ba da labarin a wurin masu shayi har ya tsufa, aka manta.

Ga abin da babu wanda ya lura da shi, har da ni. A duk shekarun nan, mai tambaya shi kaɗai ne ba a taɓa ambata da gaske ba. Wa zai tuna? Shi ne mai sanda, shi ne mai rabo. Ana nan ciwon suga ya shiga ƙafarsa, aka yanke masa yatsu, aka ƙara yankewa, ya koma dogara sanduna biyu. Muka yi ta yi masa sannu. Babu wanda ya ce, "Baba, kai fa wa zai ɗauke ka?"

Sai bara magadan mai gidan suka sayar da filin ga wasu masu gina bene. Wata safiya aka tashi aka ga jan fenti a bango, an ja gicciye ƙato a jikin ɗakin kallo. Aka yi ta zarya, aka yi roƙo, aka ce an ɗaga wa'adi zuwa bayan salla. Mutane suka saki jiki. Gwadabe bai saki ba. Ya ƙara yawan tsayar da fim, ya bi sunaye ɗaya bayan ɗaya daga ka, wanda mai ɗaukarsa ya ƙaura ya naɗa masa sabo. Aka ce masa ya kwashe kayansa tun da wuri, ya ce, "In na rufe, na taya su rusawa. Ranar da suka zo su same ni ina aiki."

Ba su jira bayan salla ba. Wata Talata da sassafe, mata suna wanke-wanke, aka ji rugugin katafila a bakin layi.

Ban kasance a wurin ba, Tanti Balaraba ce ta ba ni labari, kuma duk wanda na tambaya ya gaskata ta. Ta ce abin da ta gani ko a fim ba ta gani ba. An yi kuka, an yi zagi, amma ba a yi rububi ba. Kowa ya nufi ɗakin nasa. Tsofaffi suka fara fitowa a bayan mutane, sannan masu jego, sannan tukwane da katifu. Gwadabe yana tsaye a tsakar gida a kan sandunansa yana kiran sunaye da iyakar ƙarfinsa. "Kamilu, ina Inna? Balaraba, taki ta fita? Mai jegon ɗakin ƙarshe fa?" Ya yi ta ihu yana gasa da ƙarar inji har muryarsa ta dushe, ta koma iska. Samari suka kwashe masa na'urar haska hoto, suka kwance farin zane, suka fita da bencina. Da ya ga tsakar gida ta zama wayam, ya juya ya shiga ƙuryar ɗakin kallo don ya ɗauko makirfonsa da aka bari. Katafila ta daki bangon maƙwabta, ƙasa ta girgiza, sanda ɗaya ta zame. Ya faɗi a bayan ƙofa, ƙofar ta rufo. Ya buɗe baki ya yi kira, babu abin da ya fito.

A bakin titi kuwa jama'a suna zaune a kan kayansu, kowa da tsohonsa a gefe, har ana yi wa juna barka. Kowa ya ga kayan Gwadabe a waje. Kowa ya ɗauka wani ya fito da shi. Kuskuren Inna Sa'a sak, kuma a kan mutumin da ya ƙare ƙarfinsa don kada a sake shi.

Sai ga mota ta tsaya da ƙarfi. Alhaji Mika'ilu ne, labari ya iske shi a shago. Ya tsufa, ya yi teɓa, gemu ya yi fari. Bai gai da kowa ba. Ya bi fuskoki da ido, ya sake bi.

"Ina Bakanon?"

Aka dubi juna.

"Na ce ina Bakanon nan?"

Tanti Balaraba ta ɗora hannu a ka. "Innalillahi! Ba ku ne kuka fito da shi ba, Kamilu?"

Katafila ta riga ta juyo, ta ɗaga hannunta a kan ɗakin kallo. Masu gadin aikin sun ja igiya sun hana wucewa. Alhaji ya tuɓe babbar riga ya wurga wa Balaraba, ya ɗaga igiyar ya shige. Wani ƙaton mai gadi ya tare shi yana cewa baba koma, an gama fitar da kowa. Alhaji ya ture hannunsa ya je ya tsaya a gaban ƙarfen, ya ɗaga hannu biyu, ya kwarara wa direban ihu da Faransancin kasuwa: "Il y a quelqu'un dedans! Akwai mutum a ciki, ɗan nema! In za ka rusa, fara da ni!"

Direba ya kashe inji.

Abin da ya faru a cikin ɗakin, su biyu ne shaida, kuma har yau ba su daidaita a kai ba. Alhaji ya ce ya tarar da shi yana hawaye. Gwadabe ya rantse ƙura ce. Amma sun yarda a kan maganar da aka yi. Alhaji ya durƙusa ya juya masa baya ya ce, "Hau." Gwadabe, da 'yar iskar da ta rage masa a maƙogwaro, ya raɗa masa, "Wa ya aiko ka?"

"Kai ka ce an karɓa, a gaban mutane. Ka ɗauka Badamagare yana mantuwa irin taku? Hau, bawana, kafin in sake shawara."

Haka suka fito ta cikin ƙura, tsoho goye da tsoho, Alhaji yana nishi yana tangaɗi, hularsa ta faɗi, Gwadabe ya saƙale wuyansa da hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da makirfo, wayar makirfon tana jan ƙasa. Samari suka ruga za su karɓe shi, Alhaji ya daka musu tsawa: "Ku matsa! Suna ɗaya, mai ɗauka ɗaya. Da kuna ina?" Bai sauke shi ba sai a kujerar mota. Suna barin layin rufin ɗakin kallo ya zube.

Mota ta ratsa unguwar Plateau ta hau gada. Ruwan lagun yana ƙyalli a ƙasa, hagu da dama. Gwadabe ya taɓa kafaɗar Alhaji ya nuna taga, ya raɗa, "Ga shi nan. Cika alkawari."

"Kifayen Abijan ba su yi mini laifin komai ba," in ji Alhaji. "Zauna."

Biafra ya kai shi, rumbun ajiyarsa. Ya sa aka tura kwalaye gefe guda, aka share rabin wuri. Kafin mako ya zagayo an ɗaure farin zanen nan a jikin bango, da tabon ƙurarsa da komai.

Mutanen gidan Bromakoté sun watse, wasu Abobo, wasu Yopougon, wasu sun koma gida. Masu bene suna can suna gininsu, Allah ya ba su masu haya. Sun sami fili. Amma duk Lahadi bayan la'asar ka zo Biafra ka gani: gbaka tana sauke mutane, ana sauko da tsofaffi a hankali, kowane da mai ɗaukarsa. Abin da aka rusa bulo ne da kwano.

Muryar Gwadabe ba ta dawo daidai ba tun ranar. Ya yi ta lallaɓa ta da zuma da citta har likita ya ce ko ya ajiye makirfo ko ya rasa ta gaba ɗaya. Lahadin da ta wuce ya yi fassararsa ta ƙarshe. Rumbu ya cika har waje. Da aka zo inda gari ke rushewa ya tsayar da hoto, aka buɗe ƙofa, ya ɗaga sanda. Kafin ya nuna kowa, ɗaki gaba ɗaya ya ɗauka da murya ɗaya, ashe sun ƙulla tun a waje:

"Gwadabe za mu ɗauka!"

Wani zai yi kuka don daɗi. Shi kuwa ya haɗe rai, ya buga sanda a ƙasa.

"Ƙarya kuke," ya ce da dusasshiyar muryarsa. "Shekara nawa ina koya muku? Na kowa shi ake bari a ɗaki. Ni ina da nawa." Ya nuna Alhaji Mika'ilu da ke zaune a kujerar roba a gaba, wanda yanzu ba ya fashin Lahadi, wai yana zuwa ne don ya tsare kayansa.

"Ni bayana ya mutu tun ranar," in ji Alhaji. "Kanawa nauyin tsiya gare su. A nemo wani."

"An riga an karɓa, Alhaji."

Sannan ya miƙa makirfon, da robarsa da komai, ga Afra'u, yarinyar nan mai gishiri da ashana, wadda yanzu matar aure ce mai 'ya'ya. Ta karɓa da hannu biyu. Ta juya ta fuskanci jama'a, ta nuna wani saurayi mai kitso a ka da ke ɓoyewa a bayan ginshiƙi. "Kai, mon frère, ɗan'uwa. Da Hausa za ka amsa. In yau ne, wa za ka ɗauka?"

Gwadabe, babbar hanya mai ɗaukar kowa. Kai ne ka karɓi tsoron da wasu suka sayar mana ka mai da shi shiri. Kai ne ka nuna mana cewa mutumin da ya kalli ƙarshen duniya ido cikin ido ya fita ya gai da maƙwabcinsa, babu katafilar da za ta gama da shi. Mun gode. Mun kuma ji kunyar ranar Talatar nan, kunyar da ba za ta jiƙe ba. Allah ya ba ka lafiya, ya mai do maka da muryarka ko don ka rama zagin Badamagare, ya sa ka gama da duniya lafiya kafin ta gama da kanta.

Kai kuma mai karatu, ko a Adjamé kake, ko Treichville, ko can gida, ba sai ka sayi na'ura ko ka iya Faransanci ba. A gidanku akwai wanda kowa ke so, kowa ke gaisarwa, kowa ya ɗauka wani zai fita da shi. Ka san shi, sunansa ya riga ya zo maka. Ajiye takardar nan, taka har ƙofarsa, yi sallama, ka durƙusa ka faɗa masa da bakinka: "Ni ne mai ɗaukarka."